Shekarar da Muka Cike Kududdufi

Kwana shida ke nan rana ba ta leƙo Tudun Wada ba. Wankin da na shanya tun Lahadi yana nan kan igiya har ya fara wari, gishiri ya narke a roba, ashana sai na ƙyasta biyar kafin ɗaya ta yarda ta kama. Marka ce ta zo da ƙarfinta. Kowa na cewa albarka, ni ma bakina albarka yake cewa, amma da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai in shiga addu'ar Allah ya sa ya sauka da sauƙi.

Suna dai Tudun Wada, amma wanda ya raɗa sunan bai iso ƙarshen layinmu ba. Gidanmu ne na ƙarshe, a gangare, duk ruwan da ya sauko daga kwanon gidajen sama sai ya biyo ya gaishe mu kafin ya san inda zai nufa. A cikin gidan akwai ɗakin ƙasa guda ɗaya da ya rage, ginin hannun mahaifina, Malam Iro Magini, Allah ya jiƙansa. A ciki Inna take kwance. Ta doshi tamanin, ƙafa ta daina ɗaukarta, hankali kuma yau yana gida gobe ya tafi unguwa. Ƙanena ya yi juyin duniya ta koma wurinsa a Hanwa, gidan bulo da siminti, ta ce daga ɗakin nan sai kushewa. Ni kuwa tun da maigidana ya rasu na ajiye alli na dawo gida, ni ke jinyarta, ni ke zaman ɗar-ɗar da bangon nan duk damina.

A bayan gidanmu bana an yi wa unguwa lambun shaƙatawa, kuma shekaranjiya Alhamis saura ƙiris lambun nan ya ja mini abin da zan daɗe ina kuka. Amma labarin Alhamis ba zai fito ba sai na koma shekarar da muka cike kududdufi.

Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Inda lambun yake yanzu kududdufi ne babba, wanda ba wanda ya yi niyyar haƙa shi. Duk gidan da ke layin nan daga cikinsa aka ɗebi ƙasar gininsa, rami ya yi ta faɗaɗa. Da rani yakan ƙafe, Baba ya shiga da digarsa ya sari ƙasa, ya cuɗa ta da ramno, ya dunƙula tubali ya jera suna shan rana. Da damina ya cika fal, agwagi su samu wurin yawo, kwaɗi su yi ta kaɗe-kaɗensu. Ba zan yabe shi don ya mutu ba. Wari gare shi, sauro kuwa kamar a nan ake ƙera su, kuma da wuya a shekara akuyar wani ba ta faɗa ba. Iyaye kullum cikin ja wa yara kunne suke.

Danjuma direba ne ya kawo shawarar a cike shi. Gidansa ne na farko a saman layi, yana da babbar mota, yana zuwa kudu yana dawowa da labarai, saboda haka in ya yi magana ana kasa kunne. Ya ce a cike ramin a samu fili, matasa su buga ƙwallo, masu biki su kafa rumfa, shi ma ya samu inda zai ajiye mota. A dakalin ƙofar gidanmu aka yi zancen bayan La'asar. Na kawo wa Baba fura, da na ji murya ta ɗan ɗaga sai na laɓe a bayan ƙyauren zaure.

"Ku dai bar wa ruwa masaukinsa," in ji Baba. "Baƙo ne da ba a hana shi zuwa. In ya zo ya tarar an rushe masa ɗaki, a namu zai sauka."

"Haba Malam Iro," Danjuma ya ce, "faɗi gaskiya dai. Ƙasar banza ce kake tsoron ta kuɓuce maka."

Aka tuntsire da dariya. Baba ya gyara zama ya bar su da shawararsu. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, ranar da aka fara gayyar, shi ne na farko da ya fito da kwanon sarki a ka. Da na girma na tambaye shi dalili, sai ya ce mutum ba ya zama a gida unguwa tana gayya, ko da ramin da zai faɗa ake haƙawa.

Cikin bazara aka yi aikin, kowace Asabar da Lahadi, rana na dukan mutane har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi: toka, shara, ɓaraguzan tsohon gini, fasassun tukwane. Danjuma ya yi ta zubo jar ƙasa da motarsa. Mata suka dafa dambu da kunun tsamiya, aka ɗauko mai kalangu. Mu yara muna jigilar toka a fanteka muna tsere, ni da bakina na yi waƙa a gayyar nan, na fi kowa rawar kai. Da aka gama, filin ya ma fi layinmu tudu, don Danjuma ya ce ƙasar za ta zauna.

Baba ya koma ya yi abin da yake yi kowace shekara, sai dai a wannan karon ya ninka. Ya jiƙa makuba ya yi wa bangaye yaɓe biyu. Ya hau soro ya share indararo, ya toshe duk tsagar da ƙadangare zai iya sa kai. Inna tana da tsohon ciki, saboda haka tun sanyi yake tara itacen wankan jego, ɗaya bisa ɗaya, har ya kusa taɓa rufin ɗakin ajiya. A ɗakin nan, can kusurwar gida ta baya, hatsinmu yake: buhu biyu na masara da ɗaya na dawa, ragowar abin da muka samu a gonarmu ta Dutsen Abba. Da lissafin Baba, za su kai mu sabuwar masara in an bi a hankali.

Ruwan farko ya sauka da ƙamshin ƙasa, muka yi shuka. Muka yi noman fari, muka yi maimai, muna sammako a ƙasa muna dawowa da yamma ƙafa duk laka. Filin kuwa ya yi kyau abinsa, matasa na ta ƙwallo. In Baba zai wuce sai wani ya ce, "Malam Iro, baƙon naka bai iso ba?" Ya yi murmushi ya wuce.

Sai marka ta shigo. Ranar da Inna ta haihu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, shi ya sa har yau ƙanena, da furfurarsa da motarsa, Anaruwa muke ce masa. Ƙanwar Baba, Gwaggo, ta zo zaman jego. Safe da yamma muna ɗora rabin ganga a murhu cikin rumfa, ni ke hura wuta, ni ke tsinko ganyen darbejiya, Gwaggo ke yi wa Inna wanka, tururi na tashi har ba ka ganin fuskar mutum. Bayan wanka a dama kunun kanwa. Aka yi suna cikin yayyafi, baƙi na tsallake taɓo.

Daga ranar suna sama ba ta sake rufe baki ba. Ruwan da ya saba gangarowa ya faɗa kududdufi ya zo ya tarar da tudu, sai ya tsaya a layi yana neman mai karɓarsa. Danjuma ne ya fara jera buhunan yashi a ƙofar gidansa. Na kusa da shi ya ga ruwan ya karkato wajensa, shi ma ya jera. Haka aka yi ta yi gida bayan gida, kowa na tura wa na ƙasa da shi, ba don mugunta ba, kowa ta kansa yake yi. Mu ba mu da na ƙasa da mu. Rariyar da ke bangonmu na baya, wadda take fitar da ruwan gida zuwa kududdufi, yanzu jar ƙasa ce a bakinta.

Bangon ƙasa ba ya faɗuwa farat ɗaya, sha yake yi. Za ka ga wani baƙin layi a gindinsa, gobe ka ga ya hau. Kullum da safe Baba zai tsuguna a bangon ɗakin Inna ya auna da yatsu, ya yi alama da ƙusa. Yatsa huɗu, yatsa takwas, har ya kai gwiwata. Wani lokaci muna cin abinci sai mu ji rif daga wata unguwa, sai salati ya biyo baya, kowa ya ajiye loma. Inna sai ta ƙara ƙanƙame jaririn.

Anaruwa na da kwana goma sha ɗaya, bayan Azahar, sama ta yi baƙi har kaji suka nufi akurki. Ruwan da ya sauko ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin a ce kwabo ya haye dokin ƙofar zaure, ya shigo da takalman mutane da ganye da gawayi, ya cika tsakar gida har ya kai mini cinya. Sanyi gare shi kamar na randa. Ya shiga ɗakin Inna, tana zaune a kan gadon ƙarfe ta naɗe ƙafafu, jariri a ƙirji, kwanukan jerenta suna yawo a ƙarƙashinta. Babu inda za a kai mai jego, don layin da kansa ya zama rafi, ya fi cikin gida ƙarfi.

Baba ya dafa bangon ɗakin, na ga yatsunsa sun nutse a ciki. Ya juya ya dubi ɗakin ajiya. A bayan wannan ɗaki ne kaɗai ciko bai kai ba, akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da ke gangarawa fadama. In aka huda nan, ruwan gida zai fita. Amma bangon da za a huda shi ke riƙe da rufin da hatsinmu da itacenmu suke ƙarƙashinsa.

Ya ɗauko diga daga bayan ƙofa.

"Yaya!" Gwaggo ta yi ƙara. "Abincin fa? Itacen fa?"

"Ke da Talatu ku ja abin da za ku iya. Ba zan jira ku ba."

Muka kama buhun masara guda, ya sha ruwa ya yi nauyin jaki, muka ja shi da ƙyar zuwa kan turmi. Ba mu koma na biyu ba. Baba ya riga ya shige, ina jin saran digar ta cikin ƙarar ruwa, dum, dum, yana saran ginin da ya kwashe rani guda yana ɗorawa. Ina tsaye ina rawar sanyi ina kuka, ba don hatsi ba, tsoro nake ji rufin ya danne shi. Sai na ji ruwan da ke cinyata ya fara ja na. Baba ya faɗo waje da baya, diga a hannu, goshinsa na jini, ɗakin ya durƙusa a bayansa. Itacen jegon Inna muna kallo yana fita ɗaya bayan ɗaya ta ɓarakar, dawa na bin sa.

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya. "Malam, ka buɗe masa hanya?"

"Na buɗe."

"To, alhamdu lillahi."

Ɗakinta ya tsaya. Mu kuma muka shiga yunwa.

Buhun da muka ceto, ba rana balle a shanya. Muka baza masarar a tabarma cikin zaure, rabi ta yi tsiro, rabi ta yi funfuna. Gwaggo ta tsince ta ɗaya-ɗaya, aka ɓarza, muka koma fate. Da fari faten tsaki ne da rama, daga baya ya zama rama da ɗan tsaki, daga baya sai ka sa ludayi ka yi ta neman tsakin. Sau ɗaya a yini, bayan La'asar. Ni ke fita da kwando in tsinko tafasa a bakin hanya, a yi kwaɗo ba ƙuli, sai gishiri da barkono. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai, tana sa mutum jin haushin kowa, tana sa ka ji ƙamshin tuwon gida na uku. Aikin gini kuwa ba mai yi da marka, saboda haka Baba ba ya samun ko sisi.

Wankan jego ya koma sau ɗaya. Azarar ɗakin da ya faɗi muka zaƙulo daga laka muna faskarawa, jiƙaƙƙiya, hayaƙi ya fi wuta yawa, idona ya yi wata guda yana ja. Nonon Inna ya ja baya, Anaruwa ya yi ta kuka wani siririn kuka da ba ya ƙarewa. Na sha ganin Baba ya tura wa Inna kwanonsa ya ce ya ci a waje. A wajen wa?

Wata safiya ina shara a zaure sai ga Danjuma da rabin buhun masara a kafaɗa. Ya sauke a gefen ƙofa, ya gaida Baba, Baba ya amsa. Ya tsaya yana murza hularsa, ina jira in ji ya ce Malam Iro ka yi gaskiya. Sai ya ce, "Ruwa dai bana ya yi yawa." Baba ya ce, "Ya yi. Allah ya saka da alheri." Shi ke nan. Na ci masarar nan don ba ni da zaɓi, amma na shekara ban gaida Danjuma ba, har Inna ta zane ni a kai.

Ranar da Baba ya dawo daga Dutsen Abba da ɗanyar masara bakwai a rigarsa, na farko da suka nuna, muka gasa su a rufe a ɗaki kamar ɓarayi. Na ci tawa har totuwar na tsotse. Na ci abinci iri-iri a duniya bayan nan, ban sake cin abin da ya kai ta ba.

Filin bai daɗe yana fili ba. Ya zama bola, ya zama wurin makanikai, baƙin mai da leda suka gauraye. Baba ya sara wa ruwa 'yar hanya ta gefen gidanmu, kowace shekara yana yashe ta har ƙarfinsa ya ƙare, ni na gada. Digar tana bayan ƙofar Inna, ba ta yarda a fitar da ita.

Ranin da ya wuce sai ga katafila. Injiniyar aikin wata yarinya ce sa'ar 'yata, mai ladabi, ta shigo har ɗaki ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta shimfiɗa mini takarda. Ta ce ruwan layi zai shiga lambun ta wani babban baki guda. A bakin akwai ragar ƙarfe mai tare leda da robobi. Daga nan ya faɗa rami na farko laka ta kwanta, ya ratsa cikin jema da dogayen ciyayin fadama su tsotse dauɗar, ya bi ta tsakuwa da yashi ya tace. Wani ya nutse ƙasa rijiyoyinmu su samu, saura ya taru a tanki a yi ban ruwan itatuwa da rani. Tsakiyar lambun kuma an yi shi kwari da gangan, in ruwa ya yi yawa ya kwanta a nan kwana biyu ko uku.

Na yi dariya har da hawaye. "Wato dai, 'yata, kududdufi za ku haƙa mana."

"Kusan haka ne, Mama. Sai dai wannan ya yi makaranta."

Ta faɗa wa mazan unguwa duk wannan a taro, ta roƙe su abu biyu: a riƙa kwashe ledar da raga ta tare, kada kuma a toshe bakin. Suka gyaɗa kai, amma na san idonsu na kan kujerun siminti da fitilun sola. Da aka buɗe lambun kuwa unguwa ta ɗauke shi kamar sabuwar amarya. Ciyawa shar, ango da amarya na zuwa ɗaukar hoto har daga Gyallesu. Aka kafa kwamitin kula, shugaba Habu, ɗan Danjuma na fari. Shi Danjuman, yanzu Alhaji ne, ya tsufa ya ranƙwafa, kullum yana zaune a rumfar ƙofar lambun da sandarsa. Ruwan farkon damina duk lambun ya shanye su ba wanda ya lura.

Shekaranjiya da hantsi aka tsuge da irin ruwan da na sani. Ina ba Inna koko sai na ga takalmina ya taso daga zaure yana shigowa tsakar gida da kansa. Tun da aka yi lambun ruwa bai haye dokin ƙofarmu ba. Na fita na dafa bangon ɗakin, baƙin layin nan ya fito, yatsa huɗu. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga. Kwarin lambun kore shar, ba ruwa sai wanda ke sauka daga sama, layinmu kuwa ya cika yana tumbatsa. Nan take na gane.

Na ƙwala wa maƙwabciyata Maman Chinedu kira, mai shagon kayan masarufi. Ta shigo da zane a ɗage ta ce, "Je ki, Malama, ina wurin Inna." Na sa hannu bayan ƙofa na ɗauki digar.

Ruwa har gwiwa, hijabi ya manne mini a jiki, ina tafe ina dafa bango. A bakin lambun na tarar da maza biyar sun jera buhunan yashi hawa uku, suna ƙoƙarin ɗora na huɗu.

"Habu! Uban wa ya ce ku toshe nan?"

"Malama, yi haƙuri, dubi abin da ruwan nan ya kwaso. Leda, kashin awaki, baƙin mai. In ya shiga ya kashe mana ciyawa. Ga baƙi za su zo ganin lambu ranar Asabar."

"Don shi aka yi lambun! Ba a gabanka injiniya ta faɗa ba?"

"Ta ce ruwan sama, ba ta ce ruwan kwata ba. Mun kira ta, waya ba ta shiga. In an ɗauke za mu buɗe a hankali."

"In an ɗauke? Uwata na kwance a ɗakin ƙasa, ruwa na tsakar gidana. Ana ruwa ya ci makaɗi, kuna cewa ganga ta jiƙe!"

"Malama, ki koma gida, wannan aikin maza ne."

Na koyar da Habu a aji uku, na san lokacin da majina ke zuba a hancinsa. Na ɗaga digar. Ya riƙe ƙotar. Muka tsaya a haka, shi yana ja ina ja, ruwa na dukanmu, ina jin kowane minti a jikina kamar ni ce bangon. Wallahi a lokacin da zan iya, da shi zan fara sara.

"Habu."

Alhaji Danjuma ne. Ya fito daga rumfa ba lema, yana dogara sanda, ruwa na bin gemunsa. Ba ɗansa yake kallo ba, ba ni yake kallo ba.

"Talatu, digar Malam Iro ce wannan?"

"Ita ce, Baba Alhaji."

Ya juya ga Habu. "Sake mata. Ku janye buhunan nan."

"Baba, ciyawar..."

"Na ce ku janye! Ni na taɓa cike wa ruwa masauki, da motata, da bakina. Mutumin da ya gaya mini gaskiya na sa aka yi masa dariya a ƙofar gidansa. Ya rasa abincin shekara, ya tafi kabari ban buɗe baki na ce masa ya yi gaskiya ba. Ba za a yi na biyu ina numfashi ba."

Ya saƙala kan sandarsa a buhun sama yana ja da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Habu ya saki ƙotar. Na sara sau ɗaya, buhu ya fashe, na sara na biyu, sai ruwan ya karɓi aikin. Ya ture sauran ya afka da ruri, ja wur, har ƙasa na girgiza. Nan da nan raga ta cushe da leda, muka duƙa mu duka muna yaye ta da hannu, har Habu, yana yi yana kallon ciyawarsa tana nutsewa. Kwarin ya cika, kujerun ƙasa suka shige ruwa har wuya. A bangon gidan da ke kallonmu na ga ruwan layi ya fara barin alamarsa yana sauka.

Yau da safe na leƙa. Ruwan kwarin ya ja baya sosai, ciyawar ta kwanta ta yi laka amma da ranta, Habu da mutanensa na wanke kujeru. A rami na ƙarshe, bayan jema da yashi, ana hango tsakuwar da ke ƙasa ɗaya-ɗaya. Na gaida Alhaji Danjuma har ƙasa, gaisuwar da ta fito daga zuciyata, karo na farko cikin shekara arba'in da wani abu.

Amma ranar Alhamis ɗin, da na koma gida, ban tsaya kallon komai ba. Tsakar gida ta tsane, sai laka da takalmina ƙafa ɗaya. Na dafa bangon, sanyi ƙalau amma da tauri, layin bai wuce inda na bar shi ba. Na shiga ɗaki ina ɗigar ruwa na jingine digar a mazauninta. Inna ta ji ƙarar ƙarfen a ƙasa, ta juyo da kai. Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari.

"Ke, babanku ya buɗe masa hanya?"

Maman Chinedu ta dube ni. Shekara ashirin ke nan da muka binne Baba. Na durƙusa a bakin gadon na kama hannunta, nawa duk yashi.

"Ya buɗe, Inna."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Zuba masa faten da yawa. Jiya ma ƙarya ya yi mini, bai ci komai a waje ba."